Yaran da Ba Su Dawo Awo Ba

Na daɗe a aikin jinya, kuma yawancin abin da na gani a cikinsa ya bi ruwa, don kan mutum ba rumbu ba ne. Amma akwai wani mako guda a ƙarshen shekarun 1980 wanda ban jin zan manta da shi muddin ina numfashi. Ba wani tashin hankali aka yi a bainar jama'a ba. Katunan awon yara ne kawai, da wata tambaya da mahaifina ya yi mini a zaurensa na kasa amsawa.

A lokacin ina aiki a wani ƙaramin asibitin sha-ka-tafi ta wajen Ƙofar Kibo, cikin birnin Zariya, ni ce mai kula da awon yara. Kowace Talata da safe mata sukan zo da 'ya'yansu, mu rataya yaro a sikeli yana tsala ihu, in duba inda allurar ta tsaya, in ɗiga a katinsa. Idan ɗigon wannan wata ya hau sama da na wancan, yaro yana ci gaba ke nan. Zamani ne da kaya suka yi tsada, madarar gwangwani ta fi ƙarfin talaka, tamowa kuma ta fara yawa a unguwanni. Sai na haɗa wani garin kunu na gero da soyayyar gyaɗa da waken soya. Ba ni na ƙirƙiro shi ba, a makaranta aka koya mana, amma da za ka ji yadda nake maganarsa sai ka rantse a mafarki aka nuna mini. Likitan da ke shugabantarmu ya yarda a gwada shi na wata shida. Na zaɓi yaran da suka fara cin abinci, na ba kowanne lamba a saman katinsa, daga ɗaya har zuwa inda suka ƙare.

Na kafa doka guda, kuma na riƙe ta gam: ba yaro, ba gari. Duk matar da ta zo ba ta ɗauko ɗanta an auna ba, hannu biyu za ta koma. Dalilina shi ne kada a karɓi garin a dama wa maigida da baƙinsa. A ganina wannan dabara ce ta masu hankali, har nakan yi wa abokan aikina fahari da ita. Ga shi kuma a shekarun nan bakina ba shi da linzami. Wadda ɗanta ya ƙaru sai in sa a tafa mata, wadda nata ya tsaya kuwa, a gaban kowa nake wanke ta tas.

Da wata shida suka cika, na tattara katunan waɗanda suka zo har ƙarshe na ɗaure su da roba. Na waɗanda suka daina zuwa kuwa, dama tun tuni nake jefa su cikin wani kwalin takalmi a ƙarƙashin teburina, don a wurina sun fita daga lissafi. Na baje na cikin robar, sai ga layuka duk sun miƙe sama gwanin sha'awa. Likita ya gani ya yi ta murna. Ya ce ranar Alhamis mai zuwa manya za su zo daga ofis a yi mitin, ni zan tashi in gabatar da rahoto. Idan suka gamsu, za a baza rabon garin a sauran ƙananan asibitoci, a kuma sa sunana cikin masu tafiya kwas. Sannan akwai wasu dattijan mata biyu da muke da su, masu ziyarar gida-gida, waɗanda aikinsu shiga lunguna duba mata da yara. Za a soke ziyarar a zaunar da su a asibiti suna auna gari, tunda an samu abin da ya fi ta. Ni ko a jikina, don dama yawon shan fura nake kiran aikin nasu.

Ranar Juma'a bayan la'asar na tafi gidanmu a Ƙofar Gayan da katunan da wani babban farin kwali. Mahaifina tsohon magatakardan kotun alƙali ne, ya yi ritaya, kuma har ya bar duniya ban ga mai kyawun rubutunsa ba, na boko da na ajami. So nake ya rubuta mini kan magana da lambobin yaran a jikin kwalin, yadda manyan za su gani daga nesa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka uwata yake ce mini. Na tarar da shi a zaure a kan buzunsa, na gaishe shi, na zayyana masa nasarata da ɗan ƙarin gishiri. Ya sa tabarau, ya jera katunan a kan tabarma bi da bi, ya buɗe alƙalami. Ya rubuta 'yan lambobi, sai ya tsaya.

"Uwata, ina takwas?"

"Wace takwas, Baba?"

"Ga bakwai, ga tara. Ga sha ɗaya, sai kuma sha huɗu. Ke kika ba su lambobin nan, ko da kansu suke tsalle?"

Na ce, "Waɗannan ba su ƙarasa ba ne. Sun daina zuwa."

"Warkewa suka yi suka daina, ko kuwa?"

Na ce wataƙila lalacin iyayen ne, ai ya san halin mutanenmu. Ya ce shi bai san halin kowa ba, tambaya ya yi. Ya cire tabarau ya ce, "Duk shekarun da na yi ina rubuta shari'a, ban taɓa ganin alƙali ya ji mai ƙara da shaidunsa ya ce a rubuta hukunci alhali ɗaya ɓangaren bai shigo ba. Idan mutum bai zo ba sammaci ake aika masa. Ke kin aika?"

Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, wannan fa kimiyya ce, ba rabon gado ba."

"To madalla," in ji shi. "Sai ki nemi mai rubutun kimiyya." Ya rufe alƙalaminsa ya mayar aljihu, ya tambaye ni lafiyar maigidana da yara kamar ba a yi komai ba.

Ba zan yi ƙarya in ce gaskiya na fita nema washegari ba. Fushi ne ya fitar da ni. Na biya asibiti na zaro katin lamba takwas daga kwalin takalmi, na sa sikeli a jaka, da niyyar in auno yarinyar in kawo wa Baba lambar in ajiye masa a kan buzu. Katin ma ya ƙara mini ƙarfin gwiwa, don ɗigonta huɗu duk hawa suke yi kafin ta ɓace.

Gidan yana cikin wani lungu a nan Ƙofar Kibo, na wani maɗinkin manyan riguna. Na tarar da uwar yarinyar a tsakar gida tana ɗinkin hula. Ta tashi da sauri ta shimfiɗa mini tabarma, da alama ta zaci faɗa na zo yi, kuma ba ta yi kuskure sosai ba.

Na ce, "Ina yarinyar? Wata biyu ban ga ƙeyarku ba."

"Ai an ɗauke ta, Sista. Yaye. Tana Gyallesu wurin Hajiya, mahaifiyar maigidan."

"To garin fa? Me ya hana ki zo ki karɓa a aika mata?"

Ta dube ni a hankali ta ce, "Ke kika ce ba yaro ba gari."

Na haɗiye wannan. Na ce, "Kin je kin gan ta?"

Ta sunkuyar da kai tana murza zaren hular. "Haba Sista. Ta fari ce fa. Da wane idon zan je?"

A birnin nan aka haife ni. Na san idan yaro ya doshi shekara biyu kakarsa takan zo ta goya shi ta tafi da shi don ya manta da nono, wani ya yi sati biyu, wani ya yi watanni, ɗan fari ma wani lokaci can zai zauna. Na san uwa ba ta bin sawun ɗan fari, ba ta ko kama sunansa, saboda kunya. Ni kaina haka aka yaye ni, haka kuma na yaye nawa biyu. Abin ya zame mini jiki har ban gan shi ba. Ina zaune a kan tabarmar nan na fara tuno fuskokin yaran da suka ɓace mini, sai na ga kusan dukkansu manyan cikin rukunin ne, waɗanda suka isa yaye. Waɗanda suka rage a cikin robata kuwa duk masu shan nono ne. Ashe ban san ko garina ne ke ɗaga layukan nan ko nonon iyayensu ba. Kuma daidai ranar da aka cire yaro daga nono, ranar da ya fi bukatar garin, ranar ce dokata take yanke masa shi.

Na shiga tasi zuwa Gyallesu. Hajiya tsohuwa ce mai fara'a da tsafta, gidanta a share ƙal. Ta karɓe ni hannu bibbiyu, ta kawo ruwa, ta shiga ɗaki ta ɗauko jikarta tana yi mata kirari.

"Ga kishiyar tawa nan. Kin ga yadda ta yi kumatu? Da ta zo ta ɗan yi zawo, na haƙori ne, amma yanzu ta murje. Ga ta ba rigima, inda ka ajiye ta nan za ka same ta."

Na tambayi abin da take ci. Koko da safe, koko da rana, da dare ɗan tuwo mai laushi da miyar kuka idan ta yarda ta karɓa. Na rataya sikelin a reshen wata bishiyar gwaiba da ke tsakar gidan, na sa yarinyar. Ba ta yi kuka ba. Allura ta wuce inda ta tsaya a awonta na ƙarshe. Ina faɗa da kunya, wani daɗi ne ya ratsa ni. Na ce a raina, to Baba, ga takwas ɗinka, ita ma ta hau. Har na zaro biro.

Wajen sauko da ita ne na riƙe ƙafarta. Sanyi ƙalau, kuma ta cika tam. Da na ɗauke hannuna sai na ga inda babban yatsana ya taɓa ya lotsa, ya ƙi tasowa. Na sake dannawa a ɗaya ƙafar, na ƙirga a raina, na saki. Rami ya zauna. Sai a sannan na dube ta da idon aikina. Gashin ya yi ja ya yi laushi, fatar cinyoyin ta fara saɓulewa, idon nan yana kallona ba ya neman komai. Kumatun da Hajiya ke yabo kumburi ne, irin tamowar da ke tara ruwa a jiki. Nauyin da sikelina ya nuna nauyin ruwa ne. Da na rubuta lambar nan na juya, da ta shiga rahotona a matsayin ƙarin nasara.

Ranar ce na fara koyon riƙe harshena. Na ce, "Hajiya, wannan ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Yarinyar nan ba ta da lafiya, kuma yau za mu kai ta babban asibiti, ba gobe ba."

"Ruwa kuma?" Ta karɓe ta ta danna ƙafar da kanta, ta ga abin da na gani. "Wallahi Sista ban hana ta komai ba. Abin da na yaye ubanta da shi ke nan."

Na ce na sani, kuma da gaske na sani. Ba ta yi komai ba sai abin da ta gada. Ta yafa mayafi, aka aika a gaya wa uban, muka tafi. Kafin azahar an ba su gado.

Daga Lahadi zuwa Laraba na bi sauran katunan cikin kwalin ɗaya bayan ɗaya. Ni kaɗai da ban iya ba, don abin da ke rubuce a kati bai wuce sunan unguwa da na maigida ba. Dole na je na roƙi dattijan matan nan biyu masu ziyara. Babbar cikinsu ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ikon Allah. Yau Sista ce da yawon shan fura?" Ashe maganar ta daɗe da isa kunnensu. Na ce su yi haƙuri. Suka yi dariya suka shige gaba. Sun san kowane gida, sun san kakar kowane yaro da unguwar da take, har da wadda ke yaye da kunun gyaɗa da wadda ba ta wuce koko. Duk wannan yana cikin kansu shekara da shekaru, ban taɓa tambaya ba.

Yawancin yaran yaye aka kai su. Wasu mun same su garau, wasu sun rame, biyu sai da muka tura asibiti. Wani gidan sun tashi. Wata mata kuma ɗanta yana nan a hannunta yana shan nono, amma ya tsaya cak ba ya ƙaruwa. Da na tambayi abin da ya hana ta zuwa, ta ce, "Ranar da kika tambaye ni a gaban mutane ko ni nake shanye kunun, ranar na ce na bar zuwa." Wato waɗanda garin bai yi wa aiki ba, ni da bakina na kore su daga lissafin. A wani gida kusa da ganuwa muka yi sallama, na ambaci sunan yaron da ke kan kati, sai uwar ta ce Allah ya karɓi abinsa sati uku bayan an kai shi yaye. Muka yi mata gaisuwa muka fito. Ban san ko garin zai tsare shi ba, kuma ba ni da hanyar sani. Na dai san katinsa ya yi wata biyu a ƙarƙashin teburina ina taka kwalin da ƙafa.

Ranar Alhamis da sassafe na sami Likita a ofishinsa na gaya masa komai. Ya daɗe yana kaɗa biro a kan tebur.

"Sista, kin san na riga na gaya musu an samu sakamako mai kyau? Ki gabatar da na farkon mana. Ai ba ƙarya a ciki, yaran sun ƙaru. Sauran sai mu gyara a hankali."

Gaskiyarsa, ba ƙarya a ciki, kuma raina ya so hakan ƙwarai. Ina son kwas ɗin nan kamar me. Amma na san idan rahoton ya wuce a haka, mako mai zuwa za a zaunar da matan nan biyu, kuma babu sauran mai leƙa gidajen kakanni. Na ce masa ba zan iya ba. Ya ce to in yi abin da na ga dama.

Da aka zauna mitin na ajiye katunan roba a gefe guda, na ɗora kwalin takalmin a ɗaya gefen, da ƙurarsa da komai. Na faɗi yadda na fara da yadda na tarar. Wani babba daga ofis ya katse ni ya ce, "Wato kina gaya mana garin ba ya aiki?"

Na ce, "A'a, ranka ya daɗe. Ina gaya muku ban sani ba. Waɗanda na auna suna shan nono, waɗanda suka daina sha ban auna su ba. Kuma ban gwada su da wasu yaran da ba a ba garin ba, balle in ce ga bambanci."

Ya dubi na kusa da shi ya ce to me aka tara su yi. A nan Likita ya yi abin da har yau nake ganin girmansa. Ya gyara murya ya ce laifin har da nasa, don ya ga layuka masu kyau bai tambayi nawa aka fara da su ba. Ya nemi a ba mu shekara guda mu sake, a bi kowane yaro duk inda aka kai shi, a kai garin har ɗakin kaka, a duba ƙafa da gashi ba sikeli kaɗai ba, a kuma gwada da yaran wata unguwa da rabon bai kai gare su ba tukuna. Ya ce wannan ba zai yiwu ba sai da masu ziyara. Suka amince ba da wani ɗoki ba, suka tashi.

Kwas dai wata ma'aikaciya daban aka ba. Ya yi mini ciwo, na yi kwanaki ba na son haɗa ido da kowa a wurin aiki. Da shekara ta zagayo muka ga garin yana taimakawa, musamman ga yaran da aka yaye, amma bai kai rabin abin da na yi ta kururutawa ba. Wannan ɗan abin da muka samu shi ne na iya tsayawa a kansa ko a gaban wa. Yarinyar Gyallesu ta yi makonni a asibiti, kumburin ya sace, ta rame kamar tsinke, sannan ta fara ciko na gaskiya. Uwarta ta ajiye kunya ta je ta yi jinyarta tare da Hajiya. Da na ba Baba labari bai ce ai na gaya miki ba. Ya dai tambayi jikin yarinyar, ya yi mata addu'a.

Abin da na koya shi ne, wanda abu ya yi wa amfani shi ke dawowa da ƙafarsa ya ba da shaida, har da godiya. Wanda bai yi wa ba ba ya zuwa ya faɗa. Yana gida yana jin kunya, ko yana kwance, ko an riga an kai shi makwancinsa. Don haka duk wanda ya zo mini da labarin wani magani ko wani abinci mai abin mamaki, ko a takarda ko a baki, nakan saurare shi da kyau, sannan in nemi labarin waɗanda ba a ji ta bakinsu ba. Na fi tsananta wannan binciken idan sakamakon ya yi mini daɗi, don a nan ne na san ina da rauni. Da rahoton nan ya wuce yadda na fara rubuta shi, babu kalmar ƙarya ko ɗaya a ciki, da yarinyar nan ta mutu a ɗakin kakarta, ni kuwa ina can ana tafa mini.